Masarar Waje da Kwanon Adda Dija

Bana ma azumi ya faɗo a tsakiyar zafi. Tun hantsi rufin ɗaki yake fara ƙara, kafin azahar kuwa titin Bekaji ya zama fayau, masu keke duk sun fake a gindin darbejiya suna fifita da hula. Jikar yayata da ke jami'a ta zo hutu, tana kwance a siminti tana karanta darasinta a waya, wai dunƙulewar duniya da aƙidun siyasa. Ta ɗago ta ce, "Kaka, da gaske marigayi ya yi rubutu a kan wannan?" Maigidana take nufi. Na ce ya yi, ni ma na buga masa shi da yatsun nan. Daga nan na tashi na shiga ɗaki, don ba na son ta ga fuskata. An ce azumi yakan yi shekara talatin da 'yan kai kafin ya zagayo inda ya baro. To ga shi ya zagayo, da zafinsa da shirunsa, kuma tun da ya kama nake jin gabana yana faɗuwa ba dalili.

A waccan shekarar ba a daɗe da raba Gongola ba, bakinmu bai ma saba da cewa Adamawa ba. Muna haya a Dubeli, ni da maigidana Bulus da ɗanmu Dauda, wanda na yaye ba da jimawa ba. Ni ina buga tafireta a wata ma'aikata a Jimeta. Shi kuma malamin kimiyyar siyasa ne, yana fama da kundin babban digirinsa. Da yamma in na gama girki sai ya jibgo min takardu da rubutunsa mai kama da tafiyar tururuwa, in yi ta bugawa har magariba. Da haka na yi karatun da ba wanda ya ba ni shaidarsa.

Abin da kundin yake cewa, in an tace surutun, shi ne duniya tana shirin zama kasuwa guda, iyakar ƙasa za ta koma zane a takarda kawai. Ya kasa mutane gida-gida. Akwai masu cewa a saki kasuwa ta yi yadda ta ga dama, ita ta san inda abinci ya kamata ya je. Akwai 'yan gurguzu masu cewa wannan sabon suna ne aka raɗa wa tsohon mulkin mallaka. Akwai kuma masu cewa kowace ƙasa ta ja ƙofarta ta rufe, ta ci abin da ta noma. Bulus yakan ce shi mai bincike ne, ba ya ɓangaren kowa. Ƙarya yake, Allah ya jiƙansa. Duk inda ya zo kan masu sakin kasuwa rubutunsa har kyau yake ƙarawa.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Malam Hammadu, abokin aikinsa, ɗan cikin garin Yola, Bafulatani dogo siriri. Shi ɗan gurguzu ne na gidi, ga salla ga gemu. Bulus yana kiransa Kwamared Modibbo, wato malam da Fulatanci, shi kuma yana ce wa Bulus Dillalin Turawa. Kullum bayan la'asar suna kan benci a ƙofar gida da butar shayi, wanda bai san su ba sai ya ce yanzu za a ba hamata iska. Matarsa Dija ta girme ni, shi ya sa nake ce mata Adda kamar yadda ƙannenta suke yi. 'Yarsu ɗaya, Fadi, ba ta isa shiga makaranta ba, ga baki kamar ta haɗiyi rediyo.

Ni da Adda Dija muna ciyayya tun makon da muka tare. Katangar gajera ce, in na yi ɗage ina ganin madafarta. Kwano ne guda mai murfi, fari da shuɗin baki, har mun manta na wace ce. Yau in miƙa mata doya da miyar gyaɗa irin ta mutanenmu na Ganye, gobe ya dawo da tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Kwanon ciyayya kuwa ba ya komawa wayam, kuma ba ya komawa ƙasa da yadda ya zo. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya faɗa mana haka, da shi muka tashi muka tarar.

Har kwanon nan sai da mazanmu suka ja shi cikin gardama. Wata rana Bulus ya ga ya tsallako, ya nuna shi da cokali ya ce, "Ka gani, Modibbo? Cinikin duniya ke nan. Tawa ta iya doya, taka ta iya tuwo, ba harajin kwastan, kowa ya ƙaru."

Malam Hammadu ya ce, "Don gidajen tsayinsu ɗaya ne, Dillali. Bari ɗaya ya zama bene ka ga yadda kwanon zai riƙa saukowa."

Muka yi dariya ni da Adda, muka ce wa ya aike su.

Gona muke yi tare a bakin Binuwai, wani fili da Malam Hammadu ya gada. Kakar da ta gabaci azumin nan dawa ta yi, ba laifi. Muna cikin sussuka sai ga manyan kwalekwale suna gangarowa daga wajen Kamaru, da mutanen da ba mu saba gani ba, suna bin masussuka suna saye da sefa. Ba sa tayawa, abin da ka faɗa shi ke nan. Wani ya tsaya a kaina yana cewa, "Madam, na sefa o, no be naira." Na ga buhuna suna hawa ruwa suna tafiya gabas tun safe har yamma, jikina ya yi sanyi. Bulus kuwa murna yake, abin da yake rubutawa ne ya fito daga takarda yana tafiya da ƙafa. Ya ce mu sayar da rabonmu, in abinci ya yi tsada a nan kasuwa da kanta za ta jawo shi ya dawo. Na sa aka kai buhunan ɗakin ajiya, na sa kwaɗo, na ɗaure makullin a bakin zanena. Ya yi fushi, ya kira ni mai ra'ayin riƙau, na ce na ji.

Malam Hammadu bai sayar da ko tiya ba, har wa'azi ya yi wa masu kwalekwalen. Sai dai abin da bai sayar ba kyauta ta cinye shi. Dangi daga cikin gari suna zuwa da buhu a naɗe a hamata, ɗalibai suna zuwa, ba ya iya cewa babu. Ga aƙida ga pulaku, wato kunyar nan ta Fulani da ke hana mutum nuna yunwa ko rowa. Duk wanda ya shigo sai ya leƙa ciki ya ce, "Dija, a auna masa."

Dab da azumi Bulus ya je wani taron ƙara wa juna sani a kudu, wanda wasu Turawa suka shirya a kan buɗe kasuwanni. Ya dawo da jaka cike da takardu da ƙananan buhu biyu na irin masara da aka raba musu. Da ya buɗe na ga masara ruwan hoda, kamar an tsoma ta a rini, tana wani wari mai kama da kananzir. Rubutun jikin buhun ba Turanci ba ne, ba Faransanci ba. Ya ce min, "Maman Dauda, magani ne aka cuɗa saboda ƙwari. Guba ne. Kada kaji su kusanta, kada yaro ya taɓa." Na rataye namu a can saman azara.

Ɗaya buhun ya kai wa abokinsa don tsokana. Ina tsaye a zaure na ji su. Ya dire masa a gaba ya ce, "Ga jari-hujja a buhu, Kwamared. Shuka ka gani, zangarniya kamar damtsenka." Malam Hammadu ya hau, ya ce wannan iri ne da ba ya haifar iri, bana a ba ka kyauta baɗi ka saya, jikanka ma ya saya, haka ake ɗaure ƙasa ba tare da igiya ba. Ya rantse a Binuwai zai zubar. Na tabbata Bulus ya faɗi maganar guba, da kunnena na ji. Amma a tsakiyar gardama ya faɗe ta, a gardamarsu kuwa kowa bakinsa kawai yake saurare. Da aka kira magariba Malam Hammadu ya miƙa wa matarsa buhun ya ce ta jefa wannan shirmen a wani lungu, daga nan bai sake tunawa da shi ba.

Azumi ya kama, namu na kafin Ista ma ya shigo a kansa, sai unguwar ta zama kowa bakinsa a bushe. Zafin Jimeta wanda bai zauna ba ba zai gane ba. Iska ba ta motsi, tabarma tana ƙuna, ruwan randa kamar an ɗora a wuta. Mutane suna jiƙa zane su lulluɓa, kafin su juya ya bushe. Da la'asar turame suke tashi a Dubeli gida-gida, kana jin na kowa, har kana gane hannun mai dakan. Ana kiran salla kwanon zai tsallako da kunun gyaɗa da ƙosai, Fadi tana daga ƙasa tana ihu, "Maman Dauda, ni na soya!" Wannan azumin lafiya muka gama shi, aka yi salla, muka ci tuwon salla har muka bar saura.

Bayan salla ne abubuwa suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Malaman jami'a suka shiga yajin aiki, gwamnatin soja ta tsayar da albashinsu. Mu ma namu ya koma sai an ga dama. Mai ya ɓace, motoci suka yi layi a gidajen mai har ciyawa ta bushe a ƙarƙashinsu, injinan niƙa suka mutu. A babbar kasuwa layin 'yan hatsi ya zama rumfuna da tabarmi, masu awo suna zaune suna kore ƙuda. Na tambayi Bulus ina abincin da kasuwa za ta jawo. Ya ce sai an ba ta lokaci, akwai abin da ake kira jinkirin daidaituwa, yana babi na huɗu. Na ce na sani, ni na buga, amma ba a tuƙa shi.

Muka yi gayya muka share gona, mu da maƙwabtan filin, maza da fartanya mata da tulun kunu. Aka gyara kunya aka zauna jiran ruwa. Kullum da yamma hadari zai haɗu a bayan duwatsun hayin kogi, baƙi ƙirin, ya yi ta gurnani, mu kwashe shanya mu jera bokitai. Sai wata iska mai zafi ta taso ta watsa shi, gari ya koma yadda yake. Sau ɗaya aka yi yayyafi, masu gaggawa suka yi shuka, tsiron ya fito ya ƙone a tsaye. Kogi ya janye har yara suna taka tsakiyarsa. 'Yan ga-ruwa suka fara zaɓen gidan da za su shiga.

Daga nan turame suka fara yin shiru. Na gidan mai gyaran keke ya fara, sai na gidan wata gwauruwa da ke bayanmu, sai na gaba. Da la'asar in na zauna a tafireta nakan tsaya in kasa kunne, kullum sai na ji an ragu. Hayaƙin madafa ma haka. Ana gaisawa lafiya lau, amma mata sun daina haɗa ido a bakin rijiya. Ni na rage awo, na koma tuwo sau ɗaya da kunu da safe, duk da haka muna da abin da zai kai mu in an yi hattara.

Turmin Adda Dija kuwa bai taɓa shiru ba, shi ne ya yaudare ni. Ga shi kwamitin yajin aiki a gidansu yake zama, a yi ta maganar haɗin kan ma'aikatan duniya, a tashi a ci abinci. Na yi lissafi a raina na ga ba yadda za a yi dawarsu ta kai yanzu. Na kira ta a katanga na ce, "Adda, tsakani da Allah, kuna lafiya? In akwai wani abu ki faɗa min, ɗakina ba a rufe yake gare ki ba."

Ta yi murmushi ta ce, "Jam, lafiya lau, Maman Dauda. Alhamdulillahi. Abinci yana nan, kar ki damu kanki."

Na san Bafulatana ba za ta roƙa ba ko za ta mutu. Sai na yi dabara irin tawa, na fara cika kwanon har murfi ya ƙi rufuwa, in danna doya in ƙara da kifi in na samu, don su ci su rage. Washegari sai ya dawo shi ma murfi a ɗage, tuwon dawa mai kyau, santsi, ba tsaki ba gari-gari. Dauda yana son tuwonta fiye da nawa, shi yake fara kai hannu. Bulus ya ce, "Kin gani? Gidan gado ne, suna da rumbu a cikin gari. Ki daina sa ido a tukunyar mutane." Na yarda, don ina son in yarda.

Kajina ne suka fara mutuwa. Da safe in tarar da ɗaya a bakin lungu ta miƙe ƙafa, wata tana juyi a wuri ɗaya kamar mai maye. Bulus ya ce ciwon kaji ne na bazara. Sai Fadi ta daina ihu a katanga. Na tambaya, Adda ta ce da Hausarta ta Fulani da ba ta raba mace da namiji, "Zafi ne ya kama shi, yana amai kaɗan, ya ƙi ci. Na ba shi jiƙo." Ita kanta Addar ta faɗa, idonta ya zurma, tana yawan dafa bango. Malam Hammadu yana fitowa benci amma gardamar ba ƙarfi. Na lura kofin shayi yana rawa a hannunsa har yana zuba a riga. Bulus ya tsokane shi ya ce gurguzu ya rushe a Turai yanzu ya zo rushewa a Dubeli. Ya yi dariya ya ce kansa ne yake ciwo kwana biyu, ya tashi ya shiga gida tun ba a gama shayin ba.

Ranar da abin ya fito ban je aiki ba, don babu abin hawa ko ɗaya a titi. Da hantsi, lokacin da kullum nake ofis, na fito da tsintsiya in share lungun da ke tsakanin gidajenmu. Gari ya yi wani irin nauyi, ba iska ba rana sosai, sama ta yi kalar toka. Sai na ga ruwa yana fitowa ta kwatar gidansu yana bin gindin katanga. Ruwan hoda ne. Ya taru a ɗan ramin da kajina suke sha. Warin kananzir ɗin nan ya bugi hancina, tsintsiyar ta faɗi daga hannuna.

Ban yi sallama ba. Na tarar da ita a durƙushe gaban babban baho, hannayenta sun rine har gwiwa, tana cuɗa masara tana tsiyaye ruwan. Gefe guda ga wadda ta riga ta wanke an baza a tabarma, ta yi fari tas. Ga ƙaramin buhun nan mai baƙon rubutu ya kusa kai ƙasa. Ta gan ni ta yi sauri ta ja zane za ta rufe, kunya ce a fuskarta ba tsoro ba.

Na ce, "Adda! Ci kuke yi?"

Ta ce, "Ina wankewa sosai, Maman Dauda. Sau uku, har da toka. Kala ne kawai suka sa don kar a sata, yana fita."

"Guba ne, Adda! Maganin ƙwari ne! Malam bai faɗa miki ba?"

"Malam bai san ba. Ya ɗauka daga gidanmu aka aiko." Ta tsaya tana kallona, bakinta yana motsi. Sannan ta juya a hankali ta dubi ƙofar ɗaki.

Fadi tana kwance a tabarma, miyau yana bin gefen bakinta, yatsunta suna motsi su kaɗai. Na kira sunanta, ta juyo da ido amma ba ni take kallo ba. Tun muna tsaye jikinta ya sandare ya hau karkarwa. Na fita da gudu ina kiran mazan, muryata har ta dushe. Da Malam Hammadu ya shigo ya ga bahon ya ga buhun, sai ya zauna a ƙasa daɓas. Bulus ne ya ɗago shi yana cewa, "Na faɗa maka, Modibbo, wallahi na faɗa maka," shi kuma yana gyaɗa kai kamar wanda ake ba labarin wata ƙasa.

Babu mota, babu babur. Yanzu ko'ina ka tsaya keke zai tsaya maka, a lokacin ƙafa ce kawai. Adda ta goya Fadi duk da ta wuce goyo, ƙafafunta suna reto. Ni na saɓa Dauda, Bulus ya ɗauki buhun don a nuna wa likita. Muna fita Dubeli iska ta taso, mai sanyi wannan karon, tana kwasar leda da rufin rumfuna. Gabas ta yi baƙi har ƙasa. Kafin mu kai rabin hanya aka tsuge da ruwa, ruwan da aka yi wata da watanni ana roƙo a masallaci da coci. Mutane suka fito ƙofar gida suna ɗaga hannu, mata suna guɗa suna tara bokitai, ƙamshin ƙasa ya cika gari. Muka ratsa ta cikinsu a jiƙe, wani dattijo har yana ce mana barka da ruwa.

A asibiti likitan ya tambayi sunan maganin, don ya san abin da zai karya shi da shi. Bulus ya miƙa buhun. Likita ya juya shi, ya miƙa wa Malam Hammadu, shi ma ya juya. Aka kira wata nas da ta yi zama a Garwa ta Kamaru, ta ce wannan ba Faransanci ba ne. Malamai biyu da suka ƙare ƙuruciyarsu a kan karatun duniya suna tsaye ruwa yana ɗiga daga rigunansu, ba wanda ya san daga wace ƙasa buhun ya fito. Likita ya yi iya abin da zai yi da abin da yake da shi. Fadi ta cika kafin la'asar, ruwan ma bai ɗauke ba.

Iyayen an kwantar da su an yi musu magani, suka tashi, sai dai hannun Malam Hammadu bai daina rawa ba har ƙarshen ransa. Damina ta yi kyau a shekarar, dawa ta yi har ta kwanta. Namu buhun Bulus ya haƙa rami mai zurfi a bayan gari ya binne. Kundin ya gama shi bayan wasu shekaru, aka ba shi digiri, ana kiransa Dakta. Abota ba ta mutu ba, suna zama a benci suna shan shayi, amma ban sake jin an ce Dillali ko Kwamared ba. Hirar ruwa suke yi da ta ciwon baya.

Zaman makoki a gidansu na cikin garin Yola aka yi, bayan an sallamo su. Na tafi da Dauda a baya, na zauna cikin mata a wani ɗaki mai duhu da ƙamshin turaren wuta. Tun ranar asibiti hankalina bai kwanta ba. Yaron nan ya ci tuwon gidan kullum, da hannu biyu. Likita ya duba shi ya ce bai ga komai ba, amma ya ce irin wannan wani lokaci sai daga baya yake nunawa. Ko atishawa ya yi sai in taɓa goshinsa. Ina son in tambayi Adda tun yaushe, kuma sau nawa, amma da wane baki zan tambayi uwar da ta binne 'yarta lafiyar nawa ɗan? Sai na zauna ina buɗe tafin hannunsa ina kallon yatsun ko suna motsi, in ɗaga fatar idonsa, in sake buɗe hannun. Na ɗauka ba mai ganina.

Da mata suka tashi salla ɗakin ya rage mu biyu. Tana jingine da bango, ta rufe kai da mayafi, hannayenta har lokacin da sauran launi a gefen farce. Ta ce, "Maman Dauda, matso."

Na matsa. Ta kama hannun Dauda ta rufe shi a cikin nata.

Ta ce, "Ki daina duba shi. Bai ci ba. Ku duka ba ku ci ba."

Na ɗago na dube ta.

"Wannan masara yana da ɗaci, yana da wari. Yaya zan sa wa maƙwabci a kwano? Dawa mai kyau da ya rage na ɓoye a tukunya, naku daban nake tuƙawa. Da kika ƙara cikawa na ce kar in ji kunya, sai na daina ɗibar wa Fadi daga tuwon kwano." Ta gyara wa Dauda wuyan riga. "Fadi yana kuka yana cewa shi na kwano yake so. Na ce masa wannan na Dauda ne."

Aka sallame salla a tsakar gida, mata suka fara dawowa suna kakkaɓe tabarmi. Ta saki hannun yaron ta ce in ba shi ruwa, ga leɓensa ya bushe.